Landan a Ƙarshen Shekara, da Yara a Hannu

Wanda zai kai yara Landan a ƙarshen Disamba, abin da ya kamata ya fara sani shi ne rana ba ta daɗewa. Sai bayan ƙarfe 8 na safe take fitowa, in ma gajimare ya bar ta ta fito, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Wunin gaba ɗaya bai cika awa 8 ba. Azahar tana shiga wajen sha biyu, la'asar na biye da ita a gurguje, magariba kafin huɗu, isha'i ma kafin shida an yi ta. Yayata da ke aikin jinya a can ta sha faɗa mini haka a waya, amma ji daban, gani daban. A kan wannan ɗan guntun wuni ake gina duk wani shirin fita da yara: safiya ta shiga inda akwai rufi da ɗumi ce, yamma kuwa ta titi ce, domin sai duhu ya sauka birnin yake kunna abin da ya tanada.

Da Abban yara muka je, da babbar 'yarmu mai shekara 12, da ƙanenta mai 8, da auta da bai cika 5 ba. Tun kafin mu huta gajiya Yaya ta zaunar da ni ta ce, "Kada ku fara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ciki ba abin da yaro zai gani sai bango. Ku hau bas, ku haye sama, ku kama kujerar gaba."

Shawarar da ta fi kowace amfani ke nan. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kati ake ɗorawa a ƙofa, yaran da ba su kai shekara 11 ba kuma kyauta suke shiga, haka ma a jirgin ƙarƙashin ƙasa muddin suna tare da babba. Muka samu kujerar gaba a hawa na sama, gilashi ne kawai tsakaninmu da titi. Da bas ɗin ya karyo kwana ya shiga titin Regent, sai ga wasu manyan siffofi masu fukafukai an rataye su daga wannan gini zuwa wancan, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gani, duk da ƙananan fitilu aka saƙa su, hasken yana gudu a jikin fukafukan har ka rantse kaɗawa suke yi. Daga ƙasa ɗaga kai ake yi a gan su. Daga saman bas kuwa kusan ido da ido ake haɗuwa, ana ratsawa ta ƙarƙashin ƙirjinsu. Cunkoso ya sa bas ɗin tafiyar hawainiya, ba kuma wanda ya yi ƙorafi a cikinmu. Auta ya manna goshi da tafukan hannu a gilashi, numfashinsa yana dusashe wurin, yana gogewa da hannun riga yana sake mannawa. Tun 1954 ake ƙawata wannan titi da fitilu a wannan lokaci, titin Oxford da ke maƙwabtaka da shi ya bi sahu a 1959.

A kan titin Regent ɗin ne shagon kayan wasan yara na Hamleys yake, wanda asalinsa ya kai 1760, hawa bakwai cike da kayan wasa. Ma'aikatansa ba sa tsayawa bayan kanta. Suna cikin jama'a, wannan yana hura kumfa, wancan yana jefa ɗan jirgi ya zaga ya dawo hannunsa, wata tana zane da alƙalamin da ke canja launi. Kallo kyauta ne, kuma yaro zai iya shafe awa biyu yana kallon. Abin da muka yi tun a bakin ƙofa shi ne yarjejeniya: kowa abu ɗaya, kuma sai an zaga an gama gani za a zaɓa. Ina ganin duk iyayen da za su shiga wurin su yi wannan magana tun kan titi, da murya a kwance, kafin ido ya ga abin da zai rikita shi.

Daga nan da ƙafa aka gangara dandalin Trafalgar. Itacen Kirsimeti na can ya fi mita 20 tsawo, amma wanda ya fito daga hasken titin Regent zai ga kamar an yi masa rowar ado: fitilu ne farare zalla, an zubo su a tsaye daga sama zuwa ƙasa, yadda mutanen Norwe suke yi. Labarinsa ne adonsa. A 1940 sojojin Jamus suka mamaye Norwe, Sarki Haakon na Bakwai da gwamnatinsa suka tsere zuwa Landan, daga nan suka ci gaba da jagorantar mutanensu har yaƙi ya ƙare. Tun 1947 birnin Oslo yake saro itace ɗaya daga dajinsa kowace shekara, a ɗoro shi a jirgin ruwa, a kawo wa Landan a matsayin godiya. Waɗanda aka yi wa alherin da waɗanda suka yi shi akasari sun riga mu gidan gaskiya, jikoki ne ke aikowa, jikoki ke karɓa. Abban yara ya tsaya ya karanta musu allon da ke gindin itacen, ya fassara musu sannu a hankali. A gefe wata ƙungiya tana rera waƙoƙin coci tana tara sadaka, yara kuma na ta ƙoƙarin ɗarewa bayan zakunan tagulla huɗu da ke gadin ginshiƙin Nelson, dogon ginshiƙin da ke tsakiyar dandalin.

A nan babbar ta ja mayafina ta ce, "Umma, mu da ba ma yin Kirsimeti, babu laifi muna kallo?"

Na ce mata mu baƙi ne a garin mutane, lokacin bikinsu ya same mu. Ibadarsu tasu ce, tamu tamu ce, ganin yadda suke murna kuma da yi musu fatan alheri ba ya rage mana komai. Yaya ta ƙara da cewa a wannan dandalin ne Yahudawan birnin suke kafa fitilarsu ta bikin Hanuka a cikin Disamba, a nan ne kuma ake taron bikin Sallah bayan azumi, tun 2023 ma ana kunna fitilun Ramadan a wani titi kusa da Piccadilly. Yarinyar ta yi shiru tana nazari, na kuma bar ta da nazarinta.

Inda na fi son in daɗe a wannan labari shi ne gidan adana tarihin halittu da ke South Kensington. An buɗe shi a 1881, shiga kyauta ne, sai dai a lokacin hutu yana da kyau a karɓi tikitin kyautan ta intanet tun da wuri, don layin waje cikin sanyi yana da tsawo. Ginin kansa abin kallo ne, jikin bangonsa duk siffofin dabbobi da tsirrai ne, har da birai da aka sassaƙa suna hawan ginshiƙai. Da ka shiga babban zaure, abin da ke saman kanka shi ne ƙwarangwal ɗin dabbar tekun nan da ake kira wel, irin shuɗin, wanda babu dabbar da aka sani ta kai shi girma. Tsawonsa mita 25 da ɗoriya. A 1891 ta maƙale a gaɓar teku a Wexford ta ƙasar Ailan, a 2017 kuma aka rataye ƙasusuwanta a nan, baki buɗe, kai ya yi ƙasa, yadda take nutso in za ta kamfaci abinci.

Ɗan tsakiyar bai ce uffan ba. Ya taka daga inda kan yake zuwa inda jelar ta ƙare yana ƙirga takunsa, ya dawo ya sake. Sai ya hau matakala zuwa bene don ya gan ta daga sama, ya tsaya daidai ƙashin hannunta ya ɗaga nasa hannun yana kwatantawa.

"Abba, tana da yatsu!"

Tana kuwa da su. A cikin abin da take iyo da shi akwai ƙasusuwa jere irin na yatsu, domin ita ba kifi ba ce, haihuwa take yi, tana shayarwa, iska take shaƙa. Da a aji aka faɗa masa haka, wataƙila ya rubuta ya manta. Shi ya gano abinsa da idonsa, har yau kuma in baƙo ya zo gida sai ya ba shi labarin.

A ɓangaren dinaso, dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, akwai wani ƙato na inji mai motsi da gurnani, wanda a wannan lokaci ake saka wa rigar sanyi mai adon Kirsimeti. Auta ya ɓuya bayan ƙafar ubansa, yana leƙe yana komawa, bai yarda a tafi ba kuma bai yarda a matsa kusa ba. A wani ɓangaren an gina ɗan kanti irin na Japan, ƙasa tana girgiza da mutum a ciki don a ɗanɗana abin da mutanen Kobe suka gani a girgizar ƙasar 1995. Gidan adana tarihin kimiyya yana nan jikinsa, shi ma kyauta, amma ban ba da shawarar a haɗa su rana ɗaya ba. Ƙafar yaro tana gajiya kafin idonsa, in kuma ta gaji, duk abin da aka nuna masa bayan nan asara ce. A kuma lura, gidajen nan biyu suna rufewa daga 24 zuwa 26 ga Disamba.

Zamiya a kan ƙanƙara babbar ce ta nace. Mun je Somerset House, wani tsohon gini a bakin kogin Tems, wanda tun 2000 ake mai da tsakar gidansa filin ƙanƙara duk hunturu. Da tikiti ake shiga, kowane rukuni da lokacinsa, a ba ka takalmi mai wuƙar ƙarfe a tafinsa. Ni ina gefe da auta da kofin shayi. Na ga yarinyar ta taka ƙanƙarar, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ta rungume katangar gefe da hannu biyu. Haka ta zaga filin tana jan jiki, yara 'yan shekara 6 suna wuce ta fuu. Ta faɗi, gwiwar wandonta ta jiƙe, ta tashi. Wata dattijuwa mai furfura da ke zamiya a natse, hannu a baya, ta tsaya kusa da ita ta nuna mata da jiki: durƙusa kaɗan, kalli gaba, kada ki kalli ƙafa. Kafin lokacinsu ya cika ta saki katanga ta ratsa ɗan wani wuri ita kaɗai, hannaye a shimfiɗe, fuska a ɗaure. Da ta iso inda nake hancinta ya yi ja, tana haki ta ce, "Umma kin gani? Kin gani?" Safar hannu mai kauri dole ce a wurin nan, saboda sanyi da kuma saboda hannun da zai dafa ƙasa.

Maganar sallah ita ce ta fi neman dabara, tunda azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke, daidai lokacin da ake waje. Mun saba fita da alwala da ƙaramar darduma a jaka, in mun tambayi ma'aikatan wuri kuma sukan nuna mana inda za a keɓe. Ranar Juma'a muka je babban masallacin da ke gefen Regent's Park, mai kubba ruwan zinare, wanda aka kammala a 1977. Jama'a har harabar waje, kowa cikin jibgegiyar rigar sanyi, harsuna iri-iri. Bayan an idar yara suka ruga cikin lambun suna bin agwagwa da tsuntsayen ruwa, muka samu sauran hasken rana muka mora.

Babbar kasuwar wasanni ta wannan lokaci ita ce Winter Wonderland a Hyde Park, wadda aka fara a 2007. Akwai lilo iri-iri, daga na 'yan ƙanana zuwa wanda ke juya mutum kai ƙasa, da ƙaton wili mai ɗaga mutane sama su hango gari, da dabbobi da fadoji da aka sassaƙa da ƙanƙara, da rumfunan katako na tsaraba. Ana yankar tikitin shiga tun daga gida, kowane wasa kuma da nasa kuɗin, don haka mai yara ya yi lissafinsa kafin ya fito. Da hantsi muka je, a ranar aiki, muka fito kafin matasa su cika wurin da dare. Ga mai ƙananan yara wannan ne lokacin.

Lambun Kew kuwa sai da dare. Lambun tsirrai ne da aka kafa a 1759, tun 2013 kuma suke shimfiɗa hanya ta fitilu a cikinsa duk ƙarshen shekara. Tafiya ce ta fiye da awa ɗaya a cikin duhu, ana bin hanya guda: a ratsa wani dogon rami na haske, a fito kan manyan itatuwa da aka haska su daga gindi har kowane reshe ya fito, a kuma tsaya bakin tafki gaban gidan gilashin dabino, wanda aka gama ginawa a 1848, ana harba haske kala-kala a jikinsa da kan ruwan, da kiɗa. Keken tura yaro ya yi mana rana a nan, domin tun a tsakiya auta ya yi barci a cikin bargo. Tikitinsa yana ƙarewa tun makonni kafin lokaci, Yaya ce ta yankar mana tun muna gida.

Sai ranar 25 ga wata, wadda babu wani shiri da aka yi mata don baƙo, ita ce kuma ta fi zauna mini a rai. A ranar babu bas, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, manyan shaguna duk a rufe. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 9 ya shige gida ya ja ƙofa. Wanda bai sani ba zai iya wayar gari babu madarar yaro, saboda haka tun 24 ake cefane. Yaya tana bakin aiki ranar. Ta ce kusan kowace shekara ita take karɓar aikin wannan rana don abokan aikinta Kirista su zauna da iyalinsu, su kuma su riƙe mata ranar Sallah.

Mijinta ne ya kwashe mu a mota da sassafe. Kuɗin da ake biya na shiga tsakiyar gari da mota ma ana ɗage shi daga ranar har zuwa 1 ga Janairu. Titin Oxford da kwana biyu baya ba ka iya miƙa hannu, ga shi fayau, sai ɗaiɗaikun masu keke da masu ɗaukar hoto a tsakiyar kwalta. Ya ce zai nuna mana abin da ba a sayar da tikitinsa. Muka nufi tafkin Serpentine da ke cikin Hyde Park, inda tun 1864 'yan wata ƙungiyar iyo suke tsere a safiyar Kirsimeti. Ƙarfe 9 ake farawa, tsawon yadi 100, kuma sai ɗan ƙungiya wanda ya saba shiga ruwan duk hunturu ake bari, domin sanyin ruwan zai iya sumar da wanda bai saba ba.

Muna tsaye a gaɓa, kowa da hula da safa biyu, sai ga su sun jero kan wani dandamalin katako, maza da mata, har da tsofaffi masu furfura, daga su sai kayan iyo, wasu da jar hular bikin a ka. Ba tare ake sakin su ba. Marasa sauri ake fara kira, gwanaye a ƙarshe, don kowa ya samu damar cin tseren. Ana kiran mutum sai ka ji tsundum, 'yan kallo su ɗauki tafi da sowa. Da suka fito jikinsu ya yi jawur, 'yan uwansu na jira da tawul da abin sha mai zafi. Ɗan tsakiyar ya cire safar hannu ya tsoma yatsa ɗaya a bakin ruwan, ya fizge da sauri ya cusa a hammata.

"Kawu, biyan su ake yi?"

"Ko sisi," in ji Kawun. "So ne kawai."

Yaron ya daɗe yana kallon wani tsoho da ke goge kai yana dariya haƙora na kaɗawa. Da muka koma gida, maƙwabciyar Yaya ta aiko da katin gaisuwa da kwalin alewa don yara, da ƙarfe 3 kuma muka kalli jawabin da Sarkin Ingila yake yi wa jama'a duk shekara a talabijin. Washegari, 26 ga wata, ranar rangwame ce a shaguna, turmutsitsin da ake yi ba na mai goyo ba ne, muka yi zamanmu.

Wasan wutar daren sabuwar shekara a bakin Tems ake yin sa, gefen ƙaton wilin London Eye mai tsawon mita 135, da zarar agogon Big Ben ya buga sha biyu. Tun 2014 sai da tikiti ake shiga wurin kallo, ana kuma tsayuwar awoyi a cikin sanyi kafin a fara. Muka duba auta, muka duba agogo, muka ce talabijin ya wadatar. Manyan biyu suka yi ta fama da barci har suka gani, ta taga kuma ana hango na maƙwabta yana tashi ta ko'ina.

Abin da aka yi don yara shi ne faretin ranar 1 ga Janairu, wanda ake yi tun 1987, da rana tsaka, daga Piccadilly a ratsa dandalin Trafalgar a gangara Whitehall har kusa da majalisar dokoki. Tsayuwa a gefen titi kyauta ce, wanda ya zo da wuri shi ke samun bakin shinge. Makaɗan badujala na makarantun Amurka suna wucewa rukuni-rukuni da ganguna da ƙahonni, ga 'yan rawa na al'ummomin da ke zaune a birnin kowa da kayan ƙasarsa, ga tsofaffin motoci, ga manyan balan-balan masu siffar dabbobi da ake riƙe da igiya ana kokawa da iska. Abbansu ya ɗora auta a wuya, babbar ta karɓe wayata tana ɗauka, ɗan tsakiyar kuwa ya zura hannu ta shinge, duk makaɗin da ya zo wucewa sai sun tafa. Yayyafi ya sauko, aka buɗe lema, gangunan ba su tsaya ba. Sai da yatsun auta suka fara sanƙarewa muka janye su da ƙyar zuwa tashar jirgi, ɗan tsakiyar yana tafe yana waiwaye yana ce wa ubansa saura rukuni ɗaya, Abba, ɗaya kawai.